Yaron da Ke Karanta wa Matan Gida Littafi

Akwai abin da ban cika faɗa a majalisa ba, don na san irin dariyar da za a yi mini. Littattafan da suka fi zama a raina, waɗanda nake komawa gare su tun ina yaro har yau da furfura ta fara keto mini gemu, littattafan soyayya ne na Hausa, kuma mafi yawansu mata ne suka rubuta su. Abokaina sun ɗauka in aka tambaye ni gwanina zan ce Abubakar Imam, in kawo Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja, yadda ya dace da malamin makaranta. Ina girmama Imam, ina kuma koyar da littattafansa a aji. Amma da za a ce in zaɓi littafi ɗaya tak in bar sauran, Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu zan ɗauka, ko tunani ba sai na yi ba.

Jefa ni aka yi cikin wannan harka. A farkon shekarun 1990, yayata ce ke kawo littattafai gidanmu a cikin birnin Kano. Akwai wani mai tireda a bakin lungunmu da ke sayar da sabulu da ashana da kananzir, a gefe kuma ya jera littattafai a kwali yana ba da haya. Ka biya ka tafi da littafi ya kwana a wurinka, in ka yaga shafi ka biya kuɗinsa. Ita ke karanta wa matan gida bayan sallar isha. Da aka ɗaura mata aure ta tare, sai tsakar gida ta yi tsit. Umma ta yi karatun allo, tana karanta Alƙur'ani da ajami, amma boko ko harafi ɗaya. Abokiyar zamanta, wadda muke kira Anti, tun a firamare aka cire ta. Gwaggo kuwa, ƙanwar Baba da ta dawo gida da 'ya'yanta bayan aurenta ya mutu, ba ta taɓa shiga aji ba. Sai ido ya faɗo kaina.

"Babana, zo nan," in ji Gwaggo. Sunan mahaifinsu aka sa mini, shi ya sa ba ta kama sunana. "Kai da ake biya wa kuɗin makaranta, zo mu ma ka biya mu."

Haka na zama mai karatun gida. Ladana ƙanzo ne da canjin kuɗin haya. Nakan cusa littafin cikin riga daga tireda zuwa gida, don in yaran unguwa suka gan ni da littafin mata na shiga uku a filin ƙwallo. In an ɗauke wuta a kunna fitilar ƙwai, a shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Gwaggo, ɗaya daga cikin ƙannena ya zauna kusa da soro yana sauraron gyaran muryar Baba.

Wanda muka fara da shi In Da So Da Ƙauna ne na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991 ya kuma cika gari. Sumayya 'yar masu hali tana son Muhammad ɗan talaka, a gida an ce sai Abdulƙadir mai kuɗi, ita kuma da ta ga an rufe mata kowace ƙofa ta faɗa rijiya. Duk inda masoyan suka fara zuba kalamai sai kunya ta rufe ni, in cinye maganar a baki in haura zuwa shafi na gaba. Gwaggo ba ta iya karatu ba amma ba a yi mata wayo. "Babana, ka tsallake wani abu, koma baya." Su tuntsire da dariya, ni kuwa in yi ta gumi. Da muka zo kan rijiyar Umma ta ɓata rai, ta ce wannan ba tarbiyya ba ce, wanda ya kashe kansa ina zai sa kansa gobe ƙiyama. Anti ba ta ce komai ba sai da na karanta inda aka ceto yarinyar da ranta. Sannan ta ce, "Ita ta samu masu tsamo ta." Ban gane abin da take nufi ba sai da na girma na ji yadda aka yi aurenta da Baba.

Alhaki Kuykuyo Ne ya riga shi fitowa, a 1990, amma daga baya ya zo hannunmu, bangonsa duk ya sha salatif. Labarin ba shi da wani ado. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, amma abin da yake bai wa matarsa Rabi na cefane ba ya isar gida mai 'ya'ya tara. Kuɗinsa a waje suke ƙarewa. Ya auro Delu, macen da ta daɗe a bariki, rigima ta tashi tsakaninta da uwargida, ya saki Rabi ya kore ta da 'ya'yan. Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe su, 'yarta Saudatu ta samu miji na kirki, shi kuwa Alhaji gobara ta cinye masa dukiya a kasuwa, Delu ta juya masa baya.

A daren da na karanta inda ake lissafin kuɗin cefanen, Gwaggo ta ɗaga hannu ta ce in dakata. Na dakata. Sai ta fara zagin Alhaji Abdu, zagi na gaske, irin wanda ban taɓa ji daga bakinta ba. Ta ce irinsu ne ke cin tsire a tasha su goge baki kafin su shigo gida, irinsu ne ke ƙirga ƙwayar magi, irinsu ne in yaro ya kwanta ciwo su ce a jiƙa masa sabara. Littafin bai faɗi rabin abin da ta lissafa ba. Umma, wadda ban taɓa jin ta aibata namiji ba, ta ce ai ba rowar ce ta fi ciwo ba, a'a, ka dafa ɗan abin da aka ba ka kuma a zo a ce miya ba ta yi daɗi ba. Anti ta amsa mata da "Wallahi Yaya." Ni dai ina zaune da littafi a buɗe a cinya. Waɗannan mata biyu, tsakaninsu sai gaisuwa da miƙa girki, ban taɓa ganin sun haɗu a kan magana ɗaya ba sai a kan Rabi.

Na daɗe ina juya wannan dare a raina. A gidan Bahaushe irin namu, mace ba ta kama sunan mijinta, balle ta kai ƙararsa gaban kishiya, balle a gaban ɗa. In ta yi, an ce ba ta da kunya, ba ta iya rufa wa aurenta asiri ba. Ta ciki na ciki, haka aka tarbiyyantar da su. Amma Alhaji Abdu ba mijin kowa ba ne. Ba shi da dangin da za su ji haushi, ba zai saki kowa ba. Ana iya yi masa tas, a fasa duk abin da aka haɗiye shekara da shekaru, a tashi a kaɗe zane a ce ai labari ne. Baba ba Alhaji Abdu ba ne, Allah ya jiƙansa, bai taɓa barin mu da yunwa ba. Amma yau na san cewa cikin maganganun da aka yi a kan tabarmar nan akwai nasa kason, akwai na tsohon mijin Gwaggo, akwai na maƙwabta. Ni kuma, don ana ganin yaro ne, kuma don ba a iya yi sai da ni, aka bar ni na ji abin da maza ƙalilan ne ke ji a rayuwarsu.

Shi ya sa ba na iya auna waɗannan littattafai da mudun da ake auna adabi a jami'a. Na san muhawarar. Ibrahim Malumfashi ne ya laƙaba musu sunan adabin kasuwar Kano, yana ganin abu ne na ɗan lokaci da ba zai yi ƙarko ba, Abdalla Uba Adamu da wasu suka tsaya musu, aka yi ta kai ruwa rana a jaridu cikin shekarun 1990. Kuma masu sukar ba ƙarya suka yi duka ba. Na karanta littattafan da tun daga shafin farko na san ƙarshensu: yarinya fara mai gashi har gadon baya, saurayi mai mota da gidan bene, muguwar kishiya da bokanta. Na karanta waɗanda ba wanda ya duba su kafin a kai maɗaba'a, an raba kalmar da ya kamata a haɗe, an haɗe wadda ya kamata a raba. Na kuma ji haushin yadda ake tsinka labari ɗaya gida uku, a tsaya daidai inda ranka ya rataya, don ka sake fitar da kuɗi.

Sai dai a tuna daga inda abin ya taso. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye ɗimbin yara masu iya karanta Hausar boko. A Kano gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, matan aure suka shiga aji. Ga masu karatu sun samu, amma manyan kamfanonin ɗab'i irin su NNPC ta Zariya, wadda ta fitar da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, ƙarfinsu ya ragu bayan matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan shirin SAP na 1986. Marubuta suka ga in sun jira kamfani sai su tsufa. Suka tara 'yan kuɗinsu suka kai wa masu injin buga katin biki da kalanda, suka ɗauki littattafansu da kansu zuwa kasuwa, wasu suka haɗu a ƙungiyoyi irin su Raina Kama suna tallata juna a bayan bango. Babu edita, babu mai gyara. Ita kanta Balaraba, ƙanwar Janar Murtala Muhammed, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙaramar yarinya, daga baya ta koma ajin manya. Wanda ya san wannan ya kuma je yana neman kurakuran rubutu a littafinta, to ya samu abin da ya je nema, amma ya bar abin da ya fi shi.

Abin da ya fi shi na gani da idona a kan ƙanwata. Mun karanta Wa Zai Auri Jahila?, labarin Abu da aka cire daga makaranta, wanda aka so ya aure ta ya ƙi ta don ba ta yi boko ba, aka ɗaura mata aure da tsoho Sarkin Noma, ta gudu birni ta nemi ilimi har ta tsaya da ƙafarta. Bayan wasu shekaru wani abokin Baba ya zo neman wa ɗansa auren ƙanwata tana tsakiyar sakandare, Baba kuma ya ji nauyinsa ya kusa amsawa. Umma ba ta iya tunkarar sa. Gwaggo ce ta shiga ɗakinsa, ina tsakar gida ina jin su. "Yaya, in ka cire ta yanzu, gobe shi wannan yaron ne zai fara goranta mata jahilci. In ya sako ta kuma nan za ta dawo, kamar yadda na dawo maka, ba ta da abin yi sai wankau." Ba ta ambaci littafi ba. Da ta ambata ma da maganar ta lalace. Amma na san inda ta samo zaren hujjar, don da bakina na karanta mata. Ba zan ce littafi ne kaɗai ya sa Baba ya ɗaga auren ba, yana jin maganar ƙanwarsa dama, kuma ya ga abin da ya same ta. An dai bar yarinya ta gama, yau ungozoma ce.

Da aka ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano a 2007 da sunan gyaran tarbiyya, daga baya kuma aka nemi marubuta su yi rajista da hukumar tacewa, ina cikin waɗanda abin ya sosa wa rai. Ban musa cewa akwai na banza a ciki ba. Abin da ya dame ni shi ne yawancin waɗanda na ji suna murna a majalisa ba su taɓa karanta ko ɗaya har ƙarshe ba. Sun ji an ce suna lalata 'yan mata, shi ke nan. Da na tambayi wani wane littafi ne ya ɓata masa rai, sai ya ce shi ba ya karanta shirmen mata.

Da na girma ɗanɗanona ya sauya, ko in ce ya faɗaɗa. Na so littattafan Bilkisu Ahmed Funtuwa, Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe? da Ki Yarda Da Ni, duk da cewa matan cikinsu sun cika dacewa: ga ilimi, ga addini, ga tsafta, ga iya girki da iya magana, har ka ce ina ake samun irinsu. Amma na fahimci abin da take yi. Tana nuna wa yarinya cewa digiri da zaman aure ba abokan gaba ba ne, a lokacin da iyaye da yawa ke ganin sai dai a zaɓi ɗaya. Idan kuma ana maganar gwanintar rubutu zalla, 'Yartsana na Ibrahim Sheme, na 2003, ya fi duk waɗanda na ambata tsari da nutsuwa. Ya bi rayuwar yarinyar da ta faɗa karuwanci ba tare da ya mayar da ita dodo ba. Shi ne ya sa na koma na sake duban Delu. Ina yaro na tsane ta kamar yadda matan gidanmu suka tsane ta. Yanzu nakan tambayi kaina wa ya sako ta tun farko, daga wane gida ta fito kafin ta shiga bariki.

Na kuma karanta Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya ci kyautar NLNG ta dala 100,000 a 2016. Labarin Hajiya Binta, gwauruwa mai jikoki, da Reza ɗan daba da ya yi sa'an ɗanta. Littafi ne mai kyau, na karanta shi cikin ɗoki. Abin da ya ba ni dariya shi ne yadda masu karatun Turanci suka riƙa mamaki, wai ashe macen Arewa ma tana da abin da ke cin zuciyarta. Mu da muka zauna a kan tabarmar Gwaggo mun san haka tun shekaru ashirin da biyar kafin nan. Shi kansa Alhaki Kuykuyo Ne sai a 2012 ya shiga Turanci, fassarar Aliyu Kamal, kuma kamfanin da ya buga shi, Blaft, a birnin Chennai na Indiya yake. Ba Legas ba, ba Kaduna ba.

A gidana kuwa, abin da karatun nan ya bar mini ba wani babban abu ba ne da za a rubuta a allo. Na san farashin mudun shinkafa da kwalbar man gyaɗa, don ina tambaya, kuma ba na ajiye kuɗin cefanen bara in sa ran miyar bana. In uwargida ta yi shiru fiye da yadda ta saba, ba na ɗauka lafiya ce ta kawo haka. In na ji ta da ƙawayenta sun dage suna tsine wa wani miji na cikin fim ko na littafi, nakan rage tafiya in kasa kunne, wanda ya tsargu da shi ake. Da abokai suka fara zuga ni in ƙara aure, ban ce musu haramun ne ba, don ba haramun ba ne, kuma ita ma Balaraba ba ƙarin aure ta yaƙa ba, zalunci ta yaƙa. Na dai zauna na yi lissafin albashina da yawan bakunan da ke ci a ciki, na ga wadda za ta biya kuɗin amarcin ba ni ba ne, wadda ke ɗaki ce da 'ya'yanta. Sai na ce musu tukuna.

Yanzu mai tiredan nan ya daɗe da daina haya, littattafan takarda ma sai ka sha yawo a kasuwa kafin ka samu tsofaffin. Labaran sun koma waya. 'Yata ta fari tana bin marubuta a WhatsApp da Wattpad, ana sakin labari shafi-shafi, wasu sai ka tura kuɗi a sa ka a zaure, wasu kuma a YouTube ake karanta su, matan da ba su yi boko ba su sa a kunne suna tuƙa tuwo. Aikin da na yi da fitilar ƙwai waya ta karɓe shi. Akwai batsa a wasunsu da ko kusa ba a yi a zamaninmu ba, wannan kam ina sa ido. Amma ban hana ta ba, sai ma na ɗauko mata tsohon Alhaki Kuykuyo Ne da nake ɓoyo na ce ta gwada wannan.

Ƙarshen littafin shi ne inda gidanmu ya rabu biyu tun a wancan lokaci. Bayan Alhaji Abdu ya tsiyace, maza na dangi suka taru a kan Rabi ta yi haƙuri ta koma, ta kuwa koma ba don ranta ya so ba. Gwaggo, wadda aka yi ta fama da ita ta yi kome ta ƙi har ta rasu, ta ce marubuciyar ta ci amanar Rabi: mace ta sha wuya ta tsaya da ƙafarta, sannan a mayar da ita ta yi jinyar wanda ya wulaƙanta ta? Umma ta ce ba cin amana ba ne, gaskiya ce, a nuna mata gida ɗaya a unguwar nan da aka ƙare ba haka ba. Ni ina ganin Umma ta fi fahimtar abin da Balaraba ta yi. Ba ta yi wa komawar ado ba, ba ta ce Rabi ta ji daɗi ba, ta bar mai karatu da ɗacin a baki da gangan.

Na faɗa wa 'yata haka bayan ta gama. Ta saurare ni har na kai aya, sannan ta ce, "Abba, wannan bayanin malamai ne. Da ni ce Rabi, abinci zan riƙa aika masa a kwano saboda 'ya'ya, amma ƙafata ba za ta sake taka gidan ba." Ta ce ita za ta rubuta nata labarin, na macen da ba ta koma ba, ta riga ta yi shafi goma sha biyu a waya, kuma in taimaka mata da kuɗin data.